Dutse Na Uku Na Murhun Dada

Ba zan yi muku kwana-kwana ba: shekara talatin na yi ina baƙin ciki da Garbai. Ba gonata ya ci ba, ba matata ya kalla ba. Uwata ya gada, ni kuwa ɗan da ta haifa ina tsaye ina kallo kamar ɗan rakiya.

Sunana Elkana, haƙar rijiya ce sana'ata, a Mayo Bani aka yanke mini cibiya. Uwata Hanatu, wadda kowa ke kira Dada, mai lasar dutse ce. Yaran yanzu ba su san wannan ba, to bari in faɗa muku. A ƙasarmu dutse yana riƙe abin da ya faru a gabansa, kamar yadda tsohuwar tukunya ke riƙe ƙamshin miya. Mai harshe idan ya lasa sai ya ji: nan an yi ambaliya, nan an yi fari, nan wasu mutane sun zauna sun narka ƙarfe sun wuce. Sai dai dutse ba ya maimaita magana. Harshen da ya fara taɓa shi shi ya kwashe, ko ya ji ko bai ji ba. Kuma sana'ar tana cin mai ita, domin wanda ya saba da dutse abinci yakan daina yi masa ɗanɗano. Dada ta mutu ba ta iya bambanta zuma da toka.

Ni ma fa an haife ni da harshen, kada ku ɗauka ƙarya nake. Ina ɗan shekara bakwai na tsinci tsakuwa a bakin mayo, wato koginmu, na sa a baki, na dawo gida ina kuka ina cewa wata saniya ta nutse. Aka tambayi tsofaffi, suka ce haka aka yi, tun kafin a haifi ubana. Bayan kwana uku Dada ta miƙo mini kunun gyaɗa da safe, na kurɓa da zumuɗi, ashe daga wuta ya fito yana tafasa. Harshena ya saɓule. Sati biyu ban ci tuwo ba, ita kuma tana ta kuka tana shafa mini man shanu. Da na warke ɗanɗanon abinci ya dawo, na dutse kuwa ko sama ko ƙasa.

A daminar wannan shekarar ce wani ɗan kasuwa daga Borno, Babakura, mai kanwa da banda, ya sauka a maƙwabtanmu da ɗansa, wani siririn yaro duk idanu, uwarsa ta rasu a hanya. Shi ne Garbai. Dada ta gan shi yana tsotsar kanwa yana lumshe ido, ta kira shi, ta ba shi wani jan dutse. Shi ke nan, magana ta ƙare. Kullum da safe su kama hanyar tsauni, ita a gaba shi a baya da 'yar jaka, yana kiran ta Dada. Dada! Kamar shi ta goya.

Ni kuwa kun san aikina? Idan sun dawo ta ɗora tukunya, sai in ji, "Elkana, zo ɗanɗana mini miya." Tunda ba ta jin gishiri, ni ne harshenta a madafa. Shi an ba shi tarihin duniya, ni an ba ni miyar kuka. In ɗanɗana in ce gishiri bai ji ba, ta tsaya tana kallon bakina tana murmushi, ni kuwa takaici kamar ya kashe ni. Abu ɗaya nake so a rayuwata, in san ko uwata ta taɓa ganin ni ma wani abu ne. Ban taɓa tambayar ta ba. Ai ko a mafarki ba zan roƙi abin da aka ba bare a kyauta ba.

Muka girma. Shi ya zama Malam Garbai, da rawani da ƙaton littafi mai bangon fata da yake rubutawa da ajami. Zan faɗi gaskiya ko tana mini ɗaci: mutumin ya iya. Dada dutse ɗaya take lasa ta ba da labari ɗaya. Shi kuwa ya gano cewa ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama, idan ka jera su sai labarin ya haɗu. Shi ya nuna cewa mayo a da ta gabas yake gudu, wata shekara tsauni ya zubo ya tare shi, abin da ya sa kakanninmu suka sauko suka bi ruwan. Ya bi wani zare na baƙar laka tun daga Mayo Bani har Belel, kwana tara a ƙafa, ya dawo ya ce ambaliya ɗaya ce ta shimfiɗa ta, kuma a bayanta ne fataken farko suka fara ratsowa. Tsofaffi suka riƙe baki, don waƙoƙinsu sun faɗi haka amma ba wanda ya san lokacin.

To amma wa ke shiga ƙarƙashin ƙasa ya fito masa da duwatsun? Ni. Al'adarmu ita ce duk rijiyar da aka haƙa, a kowace gaba ɗaya ta zurfi mai haƙa ya ciro dutse guda, ba a wanke shi, a jera a tabarma bi da bi. Ran da aka iske ruwa mai harshe ya zo ya karanta, daga na can ƙasa zuwa na sama, sannan a sha ruwan. Ni in kwana ashirin a rami, diga tana cin tafin hannuna, ƙasa tana zubo mini a ka. Shi ya zo da farar riga, a kawo masa kujera, a yi masa fifita. Ni a ce, "Sannu Elkana, matsa can kada ka ɓata wa Malam riga." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da ciwon ajali ya kama Dada ta kira mu mu biyu. Ta miƙa wa Garbai jakarta ta fata da duwatsun da ta tara. Ni ta kama hannuna ta daɗe tana kallona, na ce yau dai zan ji. Sai ta ce, "Ka rame, ka riƙa cin abinci." Iyakar gadona ke nan.

Abin da ya rage mini nata duwatsun murhunta ne guda uku. Shekara arba'in tana zaune a gabansu, ba abin da ba su ji ba. Bayan an yi sadakar mutuwa na shiga madafar na rufe ƙofa, na durƙusa na lashi na farko. Toka. Na ce ƙila ban natsu ba ne, bayan wata guda na lashi na biyu. Toka da ɗacin hayaƙi. Na kwashe maganar duwatsu biyu na zubar ban ji ko kalma ba. Matata Margret ta ce, "Baban yara, saura ɗaya fa. Ka kai wa ɗan'uwanka ya karanta maka."

Na ce, "Ɗan'uwan wa? In je in durƙusa wa Garbai ya faɗa mini abin da uwata ta ce? Allah ya kiyaye!"

Na tura dutsen ƙarƙashin rumbu, na ce wa kaina duwatsun murhu kurame ne, wuta ta kashe su. Na yi ta faɗa har na yarda.

Shekarar ƙuri'a ta zo, wadda aka ce mu zaɓa ko Nijeriya ko Kamaru. Gari ya rikice, kowa da akwatin da yake wa wa'azi. Har a nan ma sai da Garbai ya samu suna. Mutane suka yi ta tururuwa gidansa wai ya tambayi dutse ina za mu. Ya ce dutsen da ke ƙarƙashin Mubi shi ne ke ƙarƙashin can ƙetare, bai san an ja layi a kansa ba, su je su yi shawara da zukatansu. Maganar da ni ma na sani, don na haƙa rijiya a ɓangarorin biyu. Amma da yake daga bakinsa ta fito, har a kasuwa ana maimaita ta.

Bayan ƙuri'a, a tsakiyar bazara, mutanen Lokuwa da ke cikin Mubi suka ba ni haƙar rijiyar unguwarsu. Ƙasar wurin ta yi taurin kai, na wuce gaba goma ba ruwa. Garbai ya riƙa leƙowa kullum, jikinsa har rawa yake. Akwai wani gurbi a littafinsa da ya hana shi sakat. Waƙoƙin tsofaffi suna maganar shekarar wuta, da aka ƙone tsohon gari ƙurmus, amma bai taɓa samun dutsen da ya ga wutar ba. Ya bar mata shafi fari yana jira. Ya leƙo ramin ya ce, "Elkana, don Allah idan ka ga baƙi, ko ƙarami ne, ka lallaɓa shi. Shi kaɗai ya rage in rufe littafin."

Ina cikin ramin dabarar ta zo mini, har na yi dariya ni kaɗai. Baƙin dutse yake so? Ina da shi a ƙarƙashin rumbu. Kurma ne, ba zai ji komai ba. Ga jama'a sun taru, ga baƙin dutse a gaba ta goma sha biyu, ga farin shafi. Wane malami ne zai ce bai ji ba? Zai ƙaga yaƙi da dawakai da kururuwa. Idan ya gama sai in miƙe in ce, jama'a, wannan dutsen murhun uwata ne, yaƙin da ya gani bai wuce na tuwo da muciya ba. A yi masa dariyar da ba zai ƙara ɗaga rawani ba.

A gaba ta goma sha huɗu na iske ruwa. Na ɗauko dutsen da sassafe a cikin kwando, girmansa kamar kan akuya, na shafe shi da lakar rijiyar na bar baƙar fuskar a waje. Margret ta gan ni. Ta ce, "Baban yara, shi kaɗai ne fa." Na ce ta kula da tukunyarta.

Da hantsi mutane suka cika wurin, har da masu tallar ƙosai. Duwatsu goma sha huɗu a jere kan tabarma. Garbai ya cire takalmi, ya kurkure baki, ya fara daga ƙasa. Na goma sha huɗu ya ce babu mutum tukuna, ruwa ne da kadoji. Na goma sha uku ya ce yashi ne na tsohon mayo, an yi shekaru ana fari. Yana faɗa yana rubutawa, amma idonsa na kan na gaba. Da ya iso gare shi ya ɗaga kai ya kalle ni, fuskarsa cike da godiya, ya ce, "Useko, ɗan'uwana." Wallahi a lokacin na ji wani abu ya soke ni, amma na basar.

Ya ɗauki dutsen da hannu biyu ya kai baki.

Na zata zai ɗan yi shiru ya fara ƙarya. Bai yi ba. Ya daskare da dutsen a fuskarsa har mutane suka fara kallon juna. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Da ya sauke, gemunsa ya jiƙe, baƙin hayaƙi ya ɓata masa leɓe. Ni kuwa a nan na gane dutsen ba kurma ba ne. Ni ne kurman.

Wani dattijo ya ce, "Malam, ita ce? Shekarar wutar ce?"

Garbai ya ce, "Wannan ba na rijiya ba ne. Ku sha ruwanku, lafiyayye ne. Karatu ya ƙare."

Aka yi ta gunaguni, wasu suna hararata, amma ƙishi ya fi son labari ƙarfi, suka rufu a kan guga. Shi ya ɗauki dutsen ya koma inuwar wata tsamiya ya zauna. Na bi shi. Na zo da shirin faɗa, don ni idan na ji kunya faɗa nake yi. Na ce, "To, ka sake cinye gadon uwata. Ko wannan ɗin ma kai ka samu. Ka ji daɗi?"

Ya ce, "Zauna, Elkana. Naka ne, zan ba ka abinka, ko da yake da na san abin da ke ciki da ban taɓa ba."

Na zauna.

Ya ce, "Ka tuna kunun da ya ƙona ka?"

Na ce wa zai manta.

Ya ce, "Ba tsautsayi ba ne. Ya huce ta mayar da shi wuta. Sau biyu tana ɗauka tana ajiyewa. Tana magana da murhu, tana cewa, nawa ba zai zama kamata ba. Ba zai kwana da kukan matattu a bakinsa ba. Nawa zai san daɗin tuwo, ya yi ƙiba, ya haifi 'ya'ya." Ya goge bakinsa da hannun riga. "Duk ranar da ta kira ka ɗanɗana miya, ba don gishiri ba ne, ta san awonsa da hannu. So take ta ga fuskarka lokacin da abinci ya yi maka daɗi. Dutsen cike yake da kai, Elkana. Ran da ka fara shiga rijiya ba ta dafa komai ba, zama ta yi tana kiran sunanka har ka dawo."

Abin da na nema shekara talatin ke nan, ga shi an zube mini a gaba. Na rufe fuska na yi kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa. Amma ku ji halin ɗan Adam: ina kukan ina jin wani sanyi a rai, ina cewa ashe ni ne, ba shi ba. Har na ɗaga kai na ce, da sauran ƙeta a bakina, "To kai fa? Me ta ce a kanka?"

Can ya ce, "Sau ɗaya na fito a ciki. Ranar da ta fara ganina ina tsotsar kanwa. Ta dawo ta zauna a gaban murhu ta ce, dole wani ya ɗauki kayan nan. Allah ya yafe mini, wannan ba shi da uwar da za ta hana."

Na share hawayena da bayan hannu.

Ya ce, "Ina ce mata Dada. Ina tsammanin ta zaɓe ni ne." Ya ajiye mini dutsen a cinya, ya ɗauki littafinsa ya ɗaure da igiyar fata. Duwatsu goma sha ɗaya suka rage a tabarma ba a karanta ba, daga baya mata suka kwashe suka yi matattakalar rijiya da su.

Na yi niyyar in zubar masa da mutunci a gaban mutane, mutuncinsa ko ƙwarzane bai yi ba. Uwa na ƙwace masa, wadda ita kaɗai yake da ita. Bai ƙara lasar dutse ba. Kafin damina ta faɗi ya tattara ya koma Belel, ya buɗe rumfar kanwa irin ta ubansa. Na ci gaba da haƙar rijiyoyi ina jera duwatsu a tabarma don al'ada, ba mai karantawa. A wata rijiya a Mayo Bani na ci karo da baƙin dutse na gaskiya, mai gawayi manne a jiki, a zurfin da ya dace. Na lallaɓa shi kamar yadda ya roƙe ni, na naɗe a tsumma na ajiye.

Sai da aka yi yaƙin basasa aka gama, furfura ta fito mini, sannan na iya ɗaukar ƙafa na je Belel wurin Garbai. Margret ta ƙulla mini tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, irin ta Dada, na hau mota ranar kasuwa. Na same shi a rumfa ya tsufa ya bushe, ba mata ba ɗa. Ya tashi ya rungume ni kamar ban taɓa yi masa komai ba, abin da ya fi zagi ciwo. Na kwance tsumman na ajiye masa baƙin dutsen. Na ce, "Ga shekarar wutarka. Wannan daga rijiya ya fito, na rantse. Ka rufe littafin."

Ya kalle shi, ya tura shi gefe ya danne takardun ƙunshe kanwa da shi don kada iska ta kwashe. Ya ce, "Buɗe kwanon."

Na buɗe, muka wanke hannu. Ya yi loma biyu ya tsame hannunsa, ya jingina da buhu ya zuba wa bakina ido. Kallon nan na san shi, shi na yi masa shekara talatin duk sanda aka kawo masa kujera.

Ya ce, "Ci mana. Tun ina ɗan shekara tara rabona da in ji ɗanɗanon abinci. Faɗa mini, Elkana, yaya miyar Dada take?"

Lomar tana bakina, ga tsami ga gyaɗa, gishiri ya ji daidai. Na kasa haɗiyewa, kuma yana jira.